A raba ₦1,500 a kan 2:3, ina muka kauce?

Maman 'Yan Biyu (Tudun Wada): Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu lissafi ku fito, yau kam abin ya fi ƙarfina. Babbar 'yata tana aji shida, an ba su aikin gida wai a raba ₦1,500 tsakanin yara biyu a kan 2:3. Ta same ni ina tsakiyar tuƙa tuwo, na leƙa littafin da muciya a hannu na ce ai biyu bisa uku ne, ki kasa kuɗin uku ki ba ɗaya kashi biyu, ɗayan ya ɗauki ragowar. Ta rubuta ₦1,000 da ₦500. Yau ta dawo an zabga mata jan biro, sai kumbure-kumbure take yi wai ni na kayar da ita. Ni kuwa har yanzu ban ga inda muka kauce ba, ga jarrabawar shiga sakandare ta ƙarato.

Mai Shago a Kawo: Wa alaikumus salam. Hajiya ni ma da ni aka tambaya amsar da zan bayar ke nan. Anya ba malamin ne ya yi kuskure ba?

Anti Nas: Ina nan na ja kujera. Ni da lissafi tun aji uku muka raba gari.

Malamin Aji Shida (Unguwan Dosa): Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ba ta haƙuri, malaminta bai zalunce ta ba. Amsar ₦600 da ₦900 ce. Kuma kada abin ya dame ki, tun da na fara koyarwa ban taɓa samun ajin da ba a yi wannan kuskuren ba.

Ɗigo biyun nan da ke tsakanin 2 da 3 ba layin "bisa" ba ne. Abin da suke faɗa shi ne, duk sanda na farko ya ɗauki biyu, na biyun ya ɗauki uku. Ki ɗauka gyaɗa ce a faranti. Wannan ya ɗebi biyu, wancan ya ɗebi uku. Nawa suka bar farantin a zagaye ɗaya? Biyar. To kashi biyar za a kasa kuɗin, ba uku ba. ₦1,500 a kasa biyar, kowane kashi ₦300. Mai kashi biyu ya tashi da ₦600, mai kashi uku ya tashi da ₦900. Ki haɗa su ki gani, 1,500 ne cif.

Sannan ki sake duban amsarku. Wanda aka ce ya ɗauki biyu shi kuka ba dubu, wanda aka ce ya ɗauki uku kuka ba ɗari biyar. Da kuɗin gaske ne da tuni mai ukun ya ɗora hannu a ka.

Maman 'Yan Biyu: Innalillahi! Wallahi sai yanzu na lura mai ƙaramin rabo muka ba babban kuɗi. Kai, Allah ya kyauta.

Ɗalibin Injiniya: Malam ina da ja, a yi mini afuwa. A littattafan da muka karanta ƙarara aka rubuta cewa 2:3 daidai yake da 2/3. Har a jami'a haka muke aiki da shi. To in haka ne, me ya sa za a ce Hajiya ta yi kuskure? Ko dai littafin ya yi ƙarya ko kuma amsarta tana da hanya.

Mai Shago a Kawo: Yauwa! An zo wurin.

Malamin Aji Shida: Littafin bai yi ƙarya ba ƙanena, amma ka tambayi kanka: biyu bisa ukun mene ne? Ɗauki amsar da muka samu, 600 bisa 900. Rage shi. Zai ba ka 2/3. Wato rabon na farko biyu bisa uku ne na rabon ɗan'uwansa. Ba na dukan kuɗin ba. In kana son ka san abin da ya samu daga dukan kuɗin, biyu bisa biyar ne, ɗayan kuma uku bisa biyar. Hajiya ta ɗauki awon da ke tsakanin mutum da ɗan'uwansa ta auna shi da jimla. Nan ne gizo ke saƙar, kuma mu malamai muna da laifi, don mukan rubuta 2:3 = 2/3 a allo mu wuce ba mu ce na mene ne ba.

Ɗalibin Injiniya: Na karɓa Malam. Mu a wajenmu abu biyu muke gwadawa da juna kullum, shi ya sa ban taɓa tsayawa na raba su ba.

Tela a Kasuwar Barci: Ku bari in sa baki da abin da na sani. Duk ƙarshen watan Satumba makarantu kan kawo mini ɗinkin tuta saboda bikin 1 ga Oktoba. Tutar Najeriya ƙyalle uku ne masu faɗi ɗaya: kore, fari, kore. In zan sayi yadi, kore biyu nake saye fari ɗaya. To ashe 2:1 ke nan. Amma in ka shimfiɗa tutar ka ce nawa ne kore a cikinta, biyu cikin uku ne. Abu ɗaya, magana biyu. Kuma tsawonta ninki biyu ne na faɗinta, in ka yanka ba haka ba tana hawa sanda za ka ga ta yi wani iri kamar ɗankwali.

Malamin Aji Shida: Maigida Allah ya biya ka. Gobe da tuta zan shiga aji. Yaran ma sun san Taiwo Akinkunmi ne ya zana ta a 1959, suna haddace wannan don jarrabawa, amma ba mu taɓa sa su auna ta ba.

Baba Mai Ritaya (Malali): Ni abin da ke ba ni haushi, wai shi wannan darasi ba shi da suna da Hausa ne? Jikokina sai "reshiyo, reshiyo" suke cewa kamar sunan magani. A zamaninmu ma haka aka karantar da mu, da Turanci da bulala, muka haddace muka ci jarrabawa muka manta. Sai da na fara aiki a masaƙa a Kakuri, aka ɗora ni kan haɗa rini, sannan na gane abin da malaminmu yake ta fama ya faɗa mana. Can in ka kuskure awo ba jan biro za a ba ka ba, bandir guda na atamfa ne zai fito da wata kala daban, kuma kowa ya san hannun wa ya bi.

Malamin Islamiyya (Rigasa): Baba ranka ya daɗe, Larabawa nisba suke ce masa. Mu kuma ina ganin "gwargwado" ta wadatar. In ka ce a ba kowa gwargwadon jarinsa, babu Bahaushen da zai tambaye ka fassara.

Hajiya Mai Abinci (Hayin Banki): Mu dai a madafa awo muke cewa, kuma ba mu jira an koya mana a makaranta ba. Garau-garau na gidana gwangwani uku na shinkafa ne, biyu na wake. Haka uwata take yi, haka nake yi. Amma bari in ba ku labari ku yi dariya. Ran nan baƙi suka zo mana daga Zariya ba sanarwa, na ce wa yarinyar da ke taya ni aiki ta mayar da shinkafar gwangwani shida, ta ƙara wake daidai. Ta zuba biyar. Na ce ke ya haka? Ta ce ai Hajiya uku kika ƙara a shinkafa, ni ma na ƙara uku a wake. Abincin nan ya fito wake ya danne shinkafa, maigida yana ci yana kallona.

Anti Nas: To ai ni ban ga laifinta ba. Uku nan, uku can. Ba adalci ke nan ba?

Hajiya Mai Abinci: Anti ai tukunya biyu na ce ta dafa a wuri ɗaya. Tukunya ɗaya uku da biyu. Tukunya biyu shida da huɗu. Ina biyar ya fito?

Malamin Aji Shida: Hajiya kin gama darasin, ni sai dai in ɗora. Wannan shi ne kuskure na biyu, kuma ya fi na farko wuyar fita daga kan yaro, don shekara huɗu ko biyar ya yi ana koya masa tarawa, hannunsa ya saba. A nan ninkawa ake yi, ba ƙari ba. Abin da ka ninka wannan da shi, da shi za ka ninka wancan. 3:2, 6:4, 9:6, 30:20, duk ɗanɗano ɗaya ne. Anti, gwada hanyar yarinyar har gaba ki gani. Ƙara 97 a kowane ɓangare, zai zama shinkafa 100 wake 99. Kin ga ya koma kusan rabi da rabi, alhali da farko shinkafa ta ninka wake sau ɗaya da rabi.

Ragewa ma haka take. In aka ba yaro 12:8 aka ce ya rage, ya nemi lamba mafi girma da za ta raba su duka biyun ba saura. Huɗu ce. Ya koma 3:2.

Anti Nas: Na gane da aka kai ɗari. Ashe in abu ya yi yawa ƙaryarsa fitowa take yi.

Birkila (Rigachikun): Salamu alaikum, yanzu na sauko daga aiki na tarar da saƙo sama da talatin. Ni ban wuce aji huɗu ba amma wannan abin da shi nake ci da iyalina. Kankaren da muke zubawa a linta da ginshiƙi, injiniya zai ce maka 1:2:4. Siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu muke lissafa shi. Ke nan buhu ɗaya yana cin yashi kwano huɗu, tsakuwa kwano takwas. In buhu goma za mu fasa, yashi 40 tsakuwa 80, kuma ina tsaye ina ƙirgawa da tsinke a ƙasa, don lebura in ya gaji kwanonsa ba ya cika, in kuma yana son a tashi da wuri sai ya yi masa tozo.

Inda yara sababbi ke faɗawa rami shi ne su ji "ɗaya, biyu, huɗu" su zuba buhu ɗaya, kwano biyu, kwano huɗu. Sun haɗa buhu da kwano a lissafi ɗaya. Kankaren zai yi ƙarfi kam, amma mai gida zai sayi siminti ninki biyu. Wanda ya fi wannan muni shi ne mai gidan da zai zo da kansa ya ce a ƙara yashi a ja buhun. Na taɓa barin wani aiki saboda haka. Mutumin ya ce wai duk siminti siminti ne, launin ma bai canja ba. Na ce Alhaji launi ba ya riƙe bene. Na tattara cebur da kwanona na tafi, kuɗin yinin ma ban tsaya karɓa ba.

Malamin Aji Shida: Abin da ka faɗa na buhu da kwano yana cikin manhajarmu, sai dai mu da minti da awa muke yinsa. A ce wa yaro ya gwada minti 30 da awa 2, sai ya rubuta 30:2 ya rage ya kawo maka 15:1, wai minti talatin ya ninka awa biyu sau goma sha biyar. Sai an mayar da su ma'auni ɗaya tukuna. Awa 2 minti 120 ne, 30:120, wato 1:4.

Mai Gyaran Janareta (Panteka): Nawa kason. Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, a jikin tankin an rubuta 50:1. Fetur hamsin, baƙin mai ɗaya. Lita ɗaya tana son mililita 20, lita huɗu 80. Mutane ba sa aunawa, sai su tuttula da ido. In ya yi yawa hayaƙi ya cika gida fulogi ya yi baƙi, in ya yi kaɗan injin ya buga a kawo mini. Wani kuma ya taɓa tambayata wai wanne ne hamsin ɗin. Na ce gwada zuba baƙin mai hamsin ka gani.

Mai Shago a Kawo: Hahaha. Ashe wanda aka fara ambata ma magana ce.

Malamin Aji Shida: Babba kuwa. 2:3 daban, 3:2 daban. Yara da yawa suna yin lissafi daidai su juya sunaye a ƙarshe, maki ya tafi.

Malamin Islamiyya: Tunda an zo nan bari in faɗi inda abin ya fi tsoratar da ni, don can maki ake rasawa, nan kuwa haƙƙi ake ci. Aya ta 11 a Suratun Nisa'i ta ce namiji yana da rabon mata biyu a tsakanin 'ya'ya. Kowa ya san wannan. Amma sau da yawa na ga 'yan'uwa sun zauna a gida sun kasa dukiya uku, sun ce kashi biyu na maza, kashi ɗaya na mata, ba tare da duba maza nawa ne mata nawa ne ba. Wannan ba shi ayar ta ce ba. Tsakanin mutum da mutum ne, ba tsakanin taron maza da taron mata ba.

Misali. Mutum ya rasu, an yi masa sutura, an biya bashi, an fitar da wasiyya, ₦2,400,000 ta rage. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mata uku, iyayensa kuma sun riga shi. Matar tana da sumuni tunda akwai 'ya'ya, ɗaya bisa takwas, ₦300,000. Saura ₦2,100,000. Yanzu a ƙirga kaso: kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. Biyu da biyu huɗu, da uku bakwai. A kasa bakwai, kowane kashi ₦300,000. Namiji ₦600,000, mace ₦300,000.

In aka bi waccan hanyar ta kasawa uku, maza su raba ₦1,400,000 kowa ya ɗauki ₦700,000, mata uku su raba ₦700,000 kowace ta samu ₦233,000 da 'yan kai. Kun ga namiji ya ninka mace sau uku ke nan, an zaftare wa kowace yarinya sama da dubu sittin da shida, kuma duk suna ganin sun bi Alƙur'ani. Hanyar da Malam ya nuna wa Hajiya da gyaɗa a faranti, ita ce dai. Ba don kowa ya je ya raba gado da kansa na kawo wannan ba, gado yana da rassa da yawa, a kai wa masana ko kotu. Amma wanda ya iya wannan ɗan lissafin ko a gabansa aka yi ba daidai ba zai ji a jikinsa.

Baba Mai Ritaya: Allah gafarta Malam, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Mu da muke da rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, sumuni, ushiri a bakinmu tun kafin Bature ya zo, yau jikana bai san sulusi ba sai an ce masa da Turanci.

Malamin Islamiyya: Haka ne Baba. Manomi ya san zakkar abin da ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma ce, na ban-ruwa ɗaya cikin ashirin, ta kuɗi ɗaya cikin arba'in. Shi kansa Alkhawarizmi da ake danganta aljabara da littafinsa, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, babban ɓangare na littafin lissafin gado da wasiyya ne.

Manomi daga Igabi: Ni tambaya gare ni. Buhun taki an rubuta 15:15:15, wani kuma 20:10:10. In ragewa ake yi kamar yadda Malam ya ce, me ya hana su rubuta 1:1:1 da 2:1:1 su huta?

Ɗalibin Injiniya: Wannan zan iya amsawa Kawu, in fanshe kaina. Lambobin nan aiki biyu suke yi. Suna nuna yadda sinadaran uku suke tsakaninsu, kuma kowace lamba kaso ce cikin ɗari na nauyin buhun. A buhu mai kilo 50 na 15:15:15, kowane sinadari kilo bakwai da rabi ne. A 20:10:10 kuwa naitirojin kilo 10, sauran biyun kilo biyar-biyar. In aka rubuta 1:1:1 kawai, ba za ka bambance shi da mai 10:10:10 ba, alhali ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. Kamar shayi ne, madara da sukari daidai wa daida, amma wani kofin ruwa ya yi masa yawa.

Manomi daga Igabi: To madalla. Shi ya sa na masara muke neman mai ashirin ɗin a gaba.

Mai Shago a Kawo: Duk wannan daɗin baki ne. Gaskiyar magana malaman yanzu ba sa koyarwa. A nan jihar Kaduna ba a 2017 aka yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu ba, 21,780 cikin 33,000 suka faɗi? Ku da kuka iya lissafi ku faɗa mana, ba biyu cikin uku ke nan ba?

Malamin Aji Shida: Kusan haka ne, 66 cikin ɗari. Amma tunda lambobi kake so, ka haɗa da cewa sai wanda ya ci 75 cikin ɗari aka ce ya haye. Ga kuma wata da ba a cika faɗa ba: tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ni ajina 94 ne a rajista. Darasi minti 35 ne. Raba ka ga daƙiƙa nawa kowane yaro ya samu, ko rabin minti bai kai ba. Ba na kare wanda bai iya ba, akwai su. Amma wannan darasin musamman yana son ka tsaya a kan yaro ka ga yadda yake kasa ƙwallayen dabino da hannunsa, ka kama shi a daidai lokacin da zai ƙara maimakon ya ninka. Daga gaban allo ba ka ganin wannan.

Shugabar Zaure: Jama'a a dawo kan lissafi don Allah. Maganar 2017 ta taɓa raba mana zaure sau ɗaya, ba za a sake ba.

Direban Keke (Mando): To ga lissafi na gaske, ku raba mu. Ni da yayana muka haɗa kuɗi muka sayi keke napep na hannu. Shi ya sa ₦900,000, ni na sa ₦600,000. Ni nake ja, daga Mando zuwa Kawo, safe zuwa dare. In wata ya yi, bayan mai da gyara da kuɗin ƙungiya, a ce ₦100,000 ta rage. Yaya ya ce shi 60 ni 40. Daidai ne?

Ɗalibin Injiniya: 900 da 600, raba kowanne da 300, 3:2. Kashi biyar, kowanne ₦20,000. Shi ₦60,000, kai ₦40,000. Lissafin Yaya daidai ne.

Hajiya Mai Abinci: Daidai a ina? Shi yana kwance a gida, yaro yana shan rana da hayaƙi da masifar fasinja, sannan ya fi shi ɗauka? Haba.

Ɗalibin Injiniya: Hajiya ni abin da aka tambaye ni na lissafa.

Birkila: A'a, ku tsaya. Ni in na haɗa jari da mutum muka karɓi aiki, kuma ni na hau bango, sai na fara cire kuɗin yinina kamar kowane birkila, sannan mu raba abin da ya saura. Da wani bare suka ba keken ai da sun biya shi. A fara cire ladan direba, ragowar a yi mata uku da biyu.

Baba Mai Ritaya: Maganar birkila ita ce magana. Sai dai wa zai yanke ladan? Nan rigimar za ta koma.

Malamin Aji Shida: Nan kam alli ya ƙare. Lissafi zai raba muku duk abin da kuka ajiye a faranti, amma ba shi zai ce muku me za a ajiye ba. In kun yarda ladan direba ₦40,000 ne, saura ₦60,000, kashi biyar, ₦12,000 kowanne. Yaya ₦36,000, kai ₦24,000 da ladanka, ₦64,000. In ₦25,000 kuka yanke, saura ₦75,000, Yaya ₦45,000, kai ₦30,000 da ladanka, ₦55,000.

Direban Keke: Malam in na kai wa Yaya wannan takardar yau ba zan kwana a gidan ba.

Malamin Islamiyya: Kada ka kai masa takarda. Ka samu babba a gidanku ku zauna ku uku, kuma duk abin da kuka daidaita a kai a rubuta. Ka tuna masa cewa in keken ya lalace ko aka yi asara, ita ma uku da biyu za ta bi.

Direban Keke: Wannan ɓangaren ai bai taɓa kawo shi ba. Ranar da aka sauke injin ni na biya.

Anti Nas: Taɓ.

Maman 'Yan Biyu: Salamu alaikum, kun ji ni shiru tun jiya. Na karanta komai, Allah ya saka wa kowa. Da daddare na zubo wake a tire na ƙirga talatin, na zaunar da 'yan biyun na ce yayar tasu ta raba musu, Hassan biyu Usaini uku, har waken ya ƙare. Ta yi zagaye shida, wannan 12 wancan 18. Na ce to da ba ki bi zagaye-zagaye ba fa, ya za ki san shida ne? Ta yi shiru tana kallon tiren, can ta ce talatin a raba biyar. Na ba ta na ₦1,500 ɗin ta sake, ko minti biyu ba ta yi ba. Na gwada ta da garau-garaun Hajiya, nan ma biyar ta fara cewa, sai ta tsaya ta ce a'a huɗu.

Matsalar da na samu ɗaya ce, Hassan ya fashe da kuka wai an fi son Usaini, ya watsar da tiren. Har ƙarfe goma muna tsintar wake a ƙarƙashin kujera.

Malamin Aji Shida: Yau ki juya, Hassan uku Usaini biyu, ta ga bambancin 2:3 da 3:2 da idonta. In ta wuce wannan ki ba ta mutum uku, 1:2:4 na birkila, da wake 35.

Birkila: Ki ce mata in ta samu 5, 10, 20 ta zo Rigachikun ranar Asabar, ina neman mai ƙirga mini kwano.